Amelia Earhart da Kilomita 4,113 na Ƙarshe

A zangon karatun da ya wuce, rukuninmu na firaktikal a sashen safiyo ya sha kunya. An ba mu aikin auna wani fili a bayan hostal, mu zagaye shi da na'ura mu dawo inda muka fara. Da muka zauna lissafi sai kusurwoyin suka ƙi haɗuwa, kusan digiri ɗaya ya yi ɓatan dabo. Ga rana, ga yunwa, babu mai niyyar sake ɗaukar kaya ya koma fili. Sai muka yi abin nan da kowa ya sani amma ba a faɗa, muka ɗan taɓa lambobin. Ni ce mai riƙe littafi, don haka da hannuna aka yi ɓarnar. Malaminmu kallo ɗaya ya yi wa takardar ya gane. Da na yi ƙarfin hali na ce ai digiri ɗaya ba wani abu ba ne, bai yi faɗa ba. Ya ce in je in lissafo masa inda kuskuren digiri ɗaya zai jefa mutum bayan tafiyar kilomita 4,113, in kuma binciko dalilin da ya sa ya zaɓi wannan lamba.

Ta farkon ba ta ɗauke ni minti biyu da kalkuleta ba: kusan kilomita 72. Ta biyun ce ta ci min makonni, don ita ta kai ni ga rayuwar wata Ba'amurkiya matuƙiyar jirgin sama mai suna Amelia Earhart. Kilomita 4,113, wato mil 2,556, shi ne nisan da ke tsakanin filin jirgin Lae a Niyu Gini da wani ɗan tsibiri da ake kira Howland a tsakiyar tekun Fasifik. A wannan tsakanin ta ɓace a 1937. Ga abin da na samo, 'yan uwa, don ina jin ba ni kaɗai ya shafa ba.

Yarinyar Kansas

An haife ta ranar 24 ga Yuli, 1897, a garin Atchison na jihar Kansas. Mahaifinta Edwin lauya ne da ke aiki da kamfanonin jirgin ƙasa, amma giya ta sha kansa, aiki ya riƙa kuɓuce masa, iyalin suka riƙa ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Tana da shekara goma ta fara ganin jirgin sama a wani bikin baje koli a jihar Iowa, kuma ko a jikinta, bai burge ta ba.

A ƙarshen 1917 ta kai wa ƙanwarta Muriel ziyara a Toronto ta Kanada, ta ga sojojin da aka dawo da su daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da raunuka. Sai ta ajiye karatu ta shiga aikin taimakon masu jinya a wani asibitin soja. A can ta kamu da ciwo lokacin annobar murar 1918, wanda ya bar mata matsalar hanci da ciwon kai da ta yi ta fama da su har ƙarshen rayuwarta. A 1919 ta shiga Jami'ar Columbia da niyyar karatun likita, bayan shekara ɗaya ta bari ta koma wajen iyayenta a Kalifoniya. Ka ga har ta kai shekara 23 ba ta tsayar da abin da za ta yi ba. Duk wanda ya sauya kwas sau biyu kafin ya iso nan ya san irin wannan zaman.

A ƙarshen watan Disamba na 1920 aka biya dala 10 wani matuƙi mai suna Frank Hawks ya ɗaga ta sama na minti goma. Ko mako ba a yi ba ta fara koyon tuƙi a hannun wata mace, Neta Snook. Kuɗin koyon ba a kwance suke ba. Ta yi tuƙin babbar mota, ta yi ɗaukar hoto, ta yi aiki a kamfanin tarho, duk don ta haɗa su. Ta sayi wani ɗan jirgi na hannu mai ruwan ɗorawa, kuma a watan Oktoba na 1922 ta hau da shi ƙafa 14,000, tsayin da wata mace ba ta taɓa kaiwa ba a lokacin. A 1923 ta karɓi lasin ɗin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Daga nan kuɗi suka ƙare, ta sayar da jirgin, ta koma Boston tana aikin kula da iyalan baƙin haure a wani gida da ake kira Denison House.

Mai riƙe littafi

Tana wannan aiki ne a 1928 aka neme ta. Shekara guda ke nan da Charles Lindbergh ya tsallake tekun Atlantika shi kaɗai, daga New York zuwa Faris cikin awa 33 da rabi, kuma wasu masu kuɗi suna son a ce mace ma ta tsallake. Ranar 17 ga Yuni jirgi mai suna Friendship ya tashi daga Trepassey a Newfoundland, Wilmer Stultz na tuƙi, Louis Gordon na kula da inji. Amelia kuwa aikinta riƙe littafin tafiya. Bayan awa 20 da minti 40 suka sauka a kan ruwa a Burry Port ta yankin Wales, alhali Southampton ta Ingila suka nufa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duniya ta ɗauka da yabo, aka yi mata maci a New York, aka kai su fadar shugaban ƙasa. Ita kuwa ba ta ɓoye ba, ta bayyana cewa Stultz ne ya yi aikin, ita kaya ce kawai aka ɗauko, har ta kwatanta kanta da buhun dankali. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru. A rukuninmu mu bakwai ne, mata biyu. Tun shekarar farko maza ke kafa na'ura su leƙa su kira lamba, ni in rubuta. Ba wanda ya hana ni taɓawa. Ni ce na ga rubutun ya fi sauƙi, kuma maki ɗaya ake ba mu gaba ɗaya.

Amelia ba ta zauna a kan yabon da ta san ba ita ta yi aikinsa ba. Ta ci gaba da tuƙi, ta shiga tseren jirage na mata a 1929, ta kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata matuƙa ta Ninety-Nines, ita ce ma shugabarta ta farko. A watan Fabrairu na 1931 ta auri George Putnam, mai buga littattafai, wanda shi ke tallata ta yana nemo mata kuɗin tafiye-tafiye. Ba ta sauya sunanta ba, kuma ba ta bar aikinta ba.

Ranar 20 ga Mayu, 1932, ta tashi ita kaɗai daga Harbour Grace a Newfoundland cikin jan jirgi ƙirar Lockheed Vega mai inji ɗaya, ta nufi Faris. Daren bai yi mata daɗi ba. Agogon da ke nuna mata nisanta daga ƙasa ya mutu, ƙanƙara ta taru a fukafukai, bututun hayaƙin injin ya tsage har tana hango harshen wuta, ga mai yana yoyo. Bayan awa 14 da minti 56, da tafiyar sama da kilomita 3,200, ta sauka a wata makiyaya a Culmore, kusa da Derry a arewacin Ailan. Ba ta kai Faris ba, amma ta zama mace ta farko, kuma mutum na biyu bayan Lindbergh, da ta tsallake Atlantika ita kaɗai ba tare da yada zango ba. A watan Janairu na 1935 kuma ta tashi daga Honolulu zuwa Oakland a Kalifoniya, kimanin mil 2,400 cikin awa 18, tafiyar da ba wanda ya taɓa yin ta shi kaɗai, namiji ko mace.

A wannan shekarar ce Jami'ar Purdue ta ɗauke ta a matsayin mai ba ɗalibai mata shawara kan sana'a, da kuma mai ba da shawara a fannin jiragen sama. Takan zauna a ɗakin kwanan ɗalibai mata idan ta zo, tana ƙarfafa musu gwiwa su shiga injiniyanci da kimiyya. Ta hanyar gidauniyar binciken jami'ar ce aka tara kuɗin da aka sayo mata sabon jirgi a 1936, Lockheed Electra mai inji biyu. Aka cire kujerun fasinja aka cika cikinsa da tankunan mai, don abin da ke ranta shi ne ta zagaye duniya ta kusa da tsakiyarta, inda ta fi faɗi, tafiyar kimanin mil 29,000.

Zagayen duniya

Yunƙurin farko a watan Maris na 1937 yamma ta nufa. Tana tare da masu lissafin hanya biyu: Fred Noonan, wanda ya yi aiki da kamfanin Pan American wajen shata hanyoyin jiragensa a Fasifik, da Harry Manning, kyaftin ɗin jirgin ruwa wanda ya iya aikin rediyo. Sun isa Hawai lafiya, amma wajen tashi daga can jirgin ya kauce a kan titi ya daki ƙasa ya lalace. Ba wanda ya ji ciwo. Aka mayar da jirgin Kalifoniya ta ruwa don gyara. Kafin a gama, Manning ya fita daga tafiyar, yanayin iska da damina ya sauya, sai aka juya tsarin aka ce gabas za a bi. Wannan ya sa tsallaken Fasifik, wanda shi ne mafi wuya, ya koma ƙarshen tafiya, lokacin da mutum da inji duk sun gaji. Kuma mutumin da ya iya rediyo ba ya cikin jirgin.

Ranar 1 ga Yuni ita da Noonan suka bar Miami. Suka gangara Kudancin Amurka har Natal a Birazil, suka tsallake kudancin Atlantika cikin awa 13 da 'yan mintuna. Dakar suka nufa, amma da suka iso gaɓar Afirka cikin hazo sai suka sauka a Saint-Louis, can arewa da ita. Washegari suka ƙarasa Dakar. Daga nan sai Gao a bakin kogin Kwara, sai Fort-Lamy wadda yau ake kira Injamena, sai Alfashir, sai Kartum. Na ɗora rula a kan taswira daga Gao zuwa Injamena, kimanin kilomita 1,700, na ga layin ya ratsa ta wajen Damagaram ya wuce ta yankin tafkin Chadi. Ashe ma ta sararin samaniyar wannan yanki namu hanyarta ta bi a watan Yunin 1937. Bayan Afirka suka bi ta Karachi, Kalkata, Rangun, Bankok, Singafo, Bandung da Darwin ta Ostireliya. Ranar 29 ga Yuni suka sauka a Lae. Sun ci mil 22,000, saura kimanin 7,000, dukkansu a kan ruwa.

Yanzu mu koma kan abin da na ce ku riƙe. A 1928 an nufi Southampton an sauka a Burry Port. A 1932 ta nufi Faris ta sauka a Ailan. A 1937 sun nufi Dakar sun sauka a Saint-Louis. Sau uku ke nan jirgin da take ciki yana tsallake teku ya sauka a inda ba nan aka nufa ba, kuma kowane karo ba a yi asarar komai ba, don abin da ke gabanta nahiya ce guda. Ko ka kauce da kilomita ɗari biyu, ƙasa za ka tarar, ka bi gaɓa ka nemi wurin sauka. Howland ba haka yake ba. Tsawonsa kilomita biyu da 'yan kai, faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma a shimfiɗe yake, 'yan mitoci kaɗan ya ɗara ruwa. Gwamnatin Amurka ta share mata titin sauka a kai, ta kuma ajiye jirgin ruwan masu tsaron gaɓa mai suna Itasca a gefensa don ya yi mata jagora ta rediyo.

Lissafin nisa da lokaci

Don mu ji nauyin lambar, na auna daga Kano zuwa Jidda, na samu kimanin kilomita 3,400. Alhazanmu kan yi wannan tafiya cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Lae zuwa Howland ya ɗara haka da kusan kilomita 700, a jirgin da gudunsa na tafiya bai wuce mil 150 a awa ba. Raba 2,556 da 150, za ka samu awa 17. To amma jirgi a cikin iska yake tafiya, kuma a wannan yanki iskar daga gabas take busowa, wato gaba da gaba da mai zuwa Howland. A ce iskar ta rage masa mil 20 kacal a kowace awa, gudun ya koma 130, tafiyar ta zama kusan awa 20. Nisan bai ƙaru da ko taku ɗaya ba, amma an ƙara awa uku na shan mai. Galan 1,100 aka ɗura mata a Lae, wato lita dubu huɗu da 'yan kai. Duk abin da iska ta ci, daga rarar da za a yi amfani da ita wajen neman tsibirin take ci.

Ta yaya ake sanin inda ake a tsakiyar teku ba tare da tauraron ɗan Adam ba? Hanya biyu Noonan yake da su. Ta farko, ya ɗauki alƙiblar da kamfas ya nuna, da gudun jirgi, da lokacin da aka yi ana tafiya, da ƙiyasin iska, ya fitar da inda ya kamata a ce suna. A nan ne digiri ɗaya nawa yake zama kilomita 72. Ta biyu, ya auna tsayin tauraro ko rana daga sararin ƙasa, ya duba agogo, ya duba jadawali, ya gyara kuskuren hanya ta farko. Wannan tana buƙatar sama ta washe, tana kuma buƙatar agogo na gaskiya. Duniya tana juya digiri 15 a awa, don haka a tsakiyar duniya kuskuren daƙiƙa huɗu a agogo daidai yake da kusan kilomita biyu a ƙasa, na minti ɗaya kuwa kusan kilomita 28. Shi ya sa cikin abubuwan da suka tsayar da su a Lae har da jiran siginar lokaci ta rediyo don Noonan ya saita agogunansa.

Ko an yi komai daidai, waɗannan hanyoyi kusa da wuri suke kai mutum, ba kan wurin ba. Daga tsayin ƙafa 1,000 iyakar abin da ido zai hango, ko da sama ta washe tas, kimanin kilomita 62 ne, kuma tsibiri shimfiɗaɗɗe ba ya bayyana sai an matso sosai. Inuwar gajimare a kan ruwa ma kama take da tsibiri. Saboda haka ƙarshen tafiyar a kan rediyo aka ɗora shi: ko Itasca ta gano ta inda muryarta ke fitowa ta faɗa mata inda za ta juya, ko ita ta gano ta inda siginar Itasca ke zuwa da na'urar da ke jirginta.

A nan aka samu giɓi. Ita da Noonan ba wanda ya iya karanta saƙon Morse da sauri, alhali shi ma'aikatan jiragen ruwa suka fi dogara da shi. Doguwar wayar eriya da ake saki ta bayan jirgi, wadda ke ba da damar magana a kan mitar da jiragen ruwa ke iya bin sawunta, ba ta tare da su a wannan zango. Na'urar gano alƙiblar sigina sabuwa ce gare ta, ba ta samu isasshen horo a kanta ba, kuma gwajin da ta yi mata a Lae bai yi nasara ba. Hatta agogo bai zo ɗaya ba: ita da lokacin Greenwich take aiki, Itasca kuma da lokacin yankinta, wanda ya saɓa da rabin awa, ga shi an tsara sauraro da magana ne a kan wasu mintuna na kowace awa.

Safiyar 2 ga Yuli

Da ƙarfe goma na safiyar 2 ga Yuli, 1937, Electra ya tashi daga Lae da ƙyar saboda nauyin mai. Da yake za su tsallake layin da kwanan wata ke sauyawa, a safiyar 2 ga Yulin dai ake sa ran su a Howland, bayan yini da kwana a sama. Cikin dare Itasca ta fara jin muryarta sama-sama. Da gari ya waye muryar ta ƙara ƙarfi, ta nemi a gano mata alƙiblarta, amma ba ta daɗewa a kan magana yadda za a iya. Da ƙarfe 7:42 agogon Itasca ta sanar cewa a lissafinsu sun iso wurin amma ba su ga jirgin ruwan ba, mai yana ƙarewa, suna tafiya a tsayin ƙafa 1,000, kuma ba ta jin su. Ma'aikatan suna jin ta raɗau, suna amsawa, ba ta ji. Sau ɗaya tak ta ce ta kama siginarsu, amma na'urarta ta kasa nuna mata ta inda take zuwa. Itasca ta turnuƙe sama da baƙin hayaƙi ko za a hango.

Da ƙarfe 8:43 aka ji ta karo na ƙarshe, awa 20 da minti 13 bayan tashinta. Ta ce suna kan layin 157 da 337, suna bin sa arewa da kudu. 'Yan safiyo za su gane wannan nan take. Idan ka auna rana da hantsi sau ɗaya, layi take ba ka, ba ɗigo ba. Noonan zai iya sanin cewa sun iso layin da ya ratsa Howland, amma awon bai faɗa masa ko tsibirin yana hagu ko dama ba. Ana buƙatar layi na biyu da zai gitta na farko, kuma rediyon ne ya kamata ya ba da shi.

Sojan ruwan Amurka ya shiga nema da manyan jirage, har da Colorado da Lexington mai ɗaukar jiragen sama. Aka yi fiye da mako biyu, aka kashe kimanin dala miliyan huɗu, ba a ga ko ɓallin jirgin ba. Saura mako uku ta cika shekara 40. Ranar 5 ga Janairu, 1939, kotu ta ayyana ta a matsayin matacciya. Tun daga lokacin ake ta hasashe. Gwamnatin Amurka ta tsaya a kan cewa mai ya ƙare sun faɗa teku kusa da Howland. Wasu masu bincike sun karkata ga tsibirin Nikumaroro da ke kudu, kusa da wancan layi na 157, inda aka tsinci wasu ƙasusuwa a 1940. Rai dai na Allah ne, kuma kowa da inda ƙasarsa take jiransa.

Abin da na kai wa malam

Da na koma ofishinsa da amsar, na yi zaton zai yi dogon wa'azi. Ya karanta, ya gyara min lamba ɗaya, ya ce mu sake fita filin ranar Asabar.

Ban rubuta wannan don in rage wa Amelia Earhart daraja ba. Matar da ta ƙi karɓar yabon da ba ta yi aikinsa ba, ta koma ta tsallake Atlantika ita kaɗai da tsagaggen bututun hayaƙi, ta fi ƙarfin in yi mata gori daga kan katifar hostal. Kuma abubuwan da suka haɗu a wannan safiya ba na mutum ɗaya ba ne, tsarin sadarwar ma tun daga tushe bai zauna daidai tsakanin ɓangarorin ba. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Ta ƙware a tuƙi, wanda shi take so. Rediyo bai dame ta ba, da can akwai mai yi, kuma duk tsawon shekarun nan rashin iyawar bai taɓa cutar da ita ba, don ko ta kauce akwai ƙasa a gabanta.

Mu ma nan haka muke zaune. Makaranta nahiya ce. Ka taɓa lamba, a rage maka maki biyar. Ka bar wa abokin rukuni ɓangaren da ba ka so, ku ci jarrabawa tare. Ka faɗi kwas, ka sake shi baɗi. Sai mutum ya saba, ya ɗauka haka aikin yake. Amma ɗan safiyon da ya kauce a kan iyakar gona, rigimar gado ya haddasa tsakanin 'yan uwa. Ɗan sashen gini da ya rage rodi a lissafi, akwai masu kwana a ƙarƙashin wannan dakin. Haka na lantarki, haka mai gwajin jini a asibiti. Kuma ba a sanar da mutum ranar da aikinsa zai zama irin na Howland.

Ranar Asabar ɗin mun fita tun ƙarfe bakwai. Na miƙa wa ɗaya daga cikin mazan littafin, na ce yau shi zai rubuta. Kafa na'urar kaɗai ta ɗauke ni kusan minti ashirin, ƙwayar ruwan nan ta ƙi tsayawa a tsakiya, suna ta min dariya. Mun gama bayan azahar. Kuskuren da ya rage bai wuce abin da aka yarda da shi ba, kuma yadda ya fito haka muka rubuta shi. Idan akwai wata ko wani a cikinku da har yanzu littafi kawai yake riƙewa a rukuninsu, firaktikal na gaba ya karɓi na'urar, tun muna inda ake yafe kuskure.